Gyambon Yatsu a Cutar Taurin Fata

Gyambon yatsu rauni ne mai raɗaɗi da jinkirin warkewa da ke fitowa a kan yatsun masu cutar taurin fata, wato sikiladama, wadda a cikinta garkuwar jiki ke far wa jikin mai ita, fata ta ƙandare, ƙananan jijiyoyin jini su tsuke. Cutar ta fi kama mata, kuma kusan rabin masu ita kan yi wannan gyambo. Galibi yatsu kan fara yin fari ko shuɗi idan sanyi ya taɓa su, alamar da likitan Faransa Maurice Raynaud ya bayyana a 1862.

A gari irin Lajawa da ke ƙaramar hukumar Wudil, hunturu ne lokacin wahala, domin alwalar asuba da ruwan randa ko wanke-wanken safe ya isa ya tayar da ciwon, har riƙe taɓarya ya gagara. Abin da majiyyaci ya fi buƙata shi ne sauƙin raɗaɗi, da ruwan ɗumi, da safar hannu, da wankin ciwo mai tsabta kusa da gida, kana a tura shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda likita zai duba dacewar magungunan buɗe jijiya irin su nifedifin da sildenafil.