Saita Rajista a Guntun Lantarkin Na'urar Auna Zuciya

A cikin na'urar ECG, wadda asibitoci ke amfani da ita wajen zana yadda zuciya ke aiki, akwai wani guntun lantarki da bai wuce faɗin farcen babban yatsa ba. Aikinsa shi ne karɓar siginar da zuciya ke fitarwa, wadda ƙarfinta a kan fata bai cika wuce milibolt ɗaya ko biyu ba, ya ƙara mata ƙarfi, sannan ya mayar da ita alƙaluman da kwamfuta za ta iya karantawa. Ɗaya daga cikin sanannun irin wannan guntu shi ne ADS1298 na kamfanin Texas Instruments da ke Amurka, mai layuka 8 da ke aiki a lokaci guda.

Guntun ba ya aiki sai da umarni, kuma ana ajiye umarnin ne a wasu ƙananan ma'ajiyai da ake kira rajista. Kowace rajista tana da adireshinta da kuma gurabe 8, kowane gurbi na ɗaukar 0 ko 1. Rajistar CONFIG1 ce ke ƙayyade sau nawa za a ɗauki awo a daƙiƙa, daga 250 har zuwa 32,000. Kowane layi kuma yana da tasa rajistar, daga CH1SET zuwa CH8SET. A nan ake kunna layin ko kashe shi, a kuma zaɓi ninkin da za a yi wa siginar: 1, 2, 3, 4, 6, 8 ko 12. Rajistar LOFF tana tsara yadda na'urar za ta gane cewa wata waya ta ɓalle daga jikin majiyyaci.

Saitawar tana da tsari. Da zarar an kunna guntun, yakan shiga yanayin aika bayanai ba ƙaƙƙautawa, don haka dole a fara aika masa umarnin SDATAC domin ya dakata. Bayan nan sai a rubuta saitin da umarnin WREG, a sake karanta shi da RREG don tabbatar da cewa ya zauna. Mai gaggawar da ya tsallake matakin farko kan ɗauka guntun ya lalace, alhali kuwa lafiyarsa ƙalau. Haka kuma rajistocin ba sa riƙe saiti idan wuta ta ɗauke, shi ya sa manhajar na'urar ke sake rubuta su duk lokacin da aka kunna ta.

Kuskure a nan ba ƙaramin abu ba ne. Idan aka saita ninki a 12 alhali manhajar na lissafi da 6, tsayin zanen zai ninka na gaskiya, kuma likita na iya ganin alamar ciwon da babu shi. Saboda haka aka tanadi siginar gwaji a cikin guntun, wadda ake kunnawa ta rajistar CONFIG2: tunda an san ƙarfinta, duk layin da ya nuna saɓaninta sai an bincike shi.

Ga ɗan kasuwar da ke shigo da kayan asibiti, da jami'in da ke sa hannu a takardar karɓarsu, kunnuwar na'ura ba ta isa shaida ba. Abin da ya kamata a nema shi ne sakamakon gwajin kowane layi kafin a ɗora wayoyin a ƙirjin majiyyaci.