Asalin Sunan Chanoine da Ma'anarsa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin wani sunan Bature da ya shiga tarihin ƙasar Maraɗi, wato kwarin Gulbi daga Tsibiri zuwa Jiratawa da kewayensa. Sunan shi ne Chanoine, ana furta shi Shanwan.

A shekarar 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Kyaftin Voulet da Kyaftin Julien Chanoine ta nufi tafkin Cadi. Ta yi yaƙi da Sarauniya Mangu a Lugu cikin watan Afrilu, ta ƙone Birnin Ƙonni cikin Mayu, sannan ta keta ƙasar Gobir tana ɓarna. Ran 14 ga Yuli aka harbe Kanar Klobb, wanda aka aiko ya tsayar da su, a Dankori wajen Tasawa. Bayan kwana biyu sojojin Chanoine suka kashe shi. Mahaifinsa, Janar Jules Chanoine, ya riƙe ministan yaƙi na Faransa a 1898.

A Faransanci, chanoine malamin coci ne mai rayuwa bisa dokar ibada. Kalmar ta fito daga Latinanci canonicus, ita kuma daga kanon na Girkanci, wato sandar awo, daga baya ta ɗauki ma'anar doka. Daga kanon ɗin ne Larabci ya ari kalmar ƙanun wadda malamai suka sani.

Sunayen zuriya sun fara zama gado a Faransa wajen ƙarni na 12 da na 13. Da yake an hana waɗannan malamai aure, masana sunaye suna ganin akasari laƙabi ne da aka yi wa baran malamin, ko mai kama da shi a hali. Dokar 1539, wadda ta wajabta rubuta baftisma, ta taimaka wajen tabbatar da irin waɗannan sunaye.

Hausa ma tana mai da muƙami suna, kamar Liman da Ladan da Alƙali. Bambancin shi ne, a al'adar Bahaushe ɗa yakan jingina da sunan uba, jika ya sake, amma na Bature yakan bi zuriya ɗaruruwan shekaru har ma'anarsa ta shuɗe. Ta haka ne sunan da asalinsa doka da ibada ya zo ƙasar Hausa a kan mutumin da ya take duka biyun.