Ruwan da Ido Ba Ya Gani: Tarihin Kogin Haɗeja da Rijiyoyinsa

Yau za mu ɗan jingine littafin da muke ciki, mu leƙa tarihin wani ruwa da ke kwance a ƙarƙashin ƙafafunmu.

Kogin Haɗeja daga ƙasar Kano ya taso, inda Kogin Kano da na Challawa suka haɗu. A can sama kan dutse yake gudu, to amma daga wajen Wudil sai ya faɗa ƙasa mai yashi, ita kuwa yashi ba ta riƙe amana. Duk damina idan kogin ya cika ya batse, ya malale fadamun Haɗeja da Nguru, ruwan kan kwanta wata da watanni yana tsiyaya ƙasa a hankali. Wannan ruwan da ya nutse shi ne wanda mata ke ja da guga da rani, har a ƙauyukan da ba su taɓa ganin bakin kogin ba. Manomin rani na wancan zamani da jigo yake ban-ruwa, abin da ƙarfin damtsensa ya ɗebo ke nan, don haka ƙasa ba ta jin an taɓa ta.

A 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kammala madatsar Tiga, daidai lokacin da fari ya gallabi Arewa. A 1992 ta Challawa ta biyo baya. Babu mai musun alherinsu, domin kuwa shinkafa da tumatirin Kura da Kadawa da ruwan Tiga suka tashi, birnin Kano ma ya sha. Sai dai ambaliyar da ke shayar da ƙarƙashin ƙasa ta ragu. Ruwan da ake saki kaɗan-kaɗan duk shekara kuma ya yi wa ciyawar kacalla daɗi, ta toshe hanyoyin ruwa, wani gari na nutsewa wani na ƙishirwa.

Ana cikin haka, a farkon shekarun 1990 shirin Fadama ya zo da tallafin Bankin Duniya, ƙananan rijiyoyin burtsatse da injinan ban-ruwa suka cika bakin kogi. Inji ba jigo ba ne, ba ya gajiya sai dai mai ya ƙare. Kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, rijiyar da ke kusa da kogi da kogin kansa tukunya ɗaya suke sha. Idan inji ya zuƙe na ƙasa, yashi sai ya rama daga na sama, wanda zai ji a jikinsa kuwa shi ne masunci da manomin Gashuwa da Geidam.

Ni dai a ganina Kogin Jama'are ne ya rufa asiri. Madatsar Kafin Zaki da aka tsara masa an fara ta an bari, shi ya sa har yanzu yake kawo ambaliyarsa yadda ya saba, kuma mafi yawan ruwan da ke wuce Gashuwa zuwa Tafkin Chadi nasa ne.