Cacar Lambobi A Legas: Ma'anar Kalmomin Da Ke Jikin Allunan Sakamako

A unguwannin Legas irin su Agege, inda Hausawa suke da yawa, ana ganin rumfunan cacar lambobi da aka fi sani da Baba Ijebu, wato kamfanin Premier Lotto na Kessington Adebutu. Akan zaro lambobi 5 daga cikin 90, sannan a lika sakamakon da Turanci.

Kalmar "draw" na nufin zaro lambobin, jam'inta "draws". "Stake" shi ne kuɗin da mutum ya zuba, "jackpot" kuwa kyauta mafi tsoka. Wadda ta fi yaudarar jama'a ita ce "2-sure", domin "sure" na nufin tabbas, alhali damar fitowar lambobi biyun da mutum ya zaɓa ɗaya ce cikin kusan 400. Dacewa da duka biyar ɗin kuwa ɗaya ce cikin 43,949,268.

A watan Nuwamban 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa jihohi ne ke da hurumin kula da caca, ta kuma taƙaita dokar tarayya ta 2005 ga Abuja kaɗai. Doka ta haramta wa 'yan ƙasa da shekara 18 yin ta, Musulunci kuma ya haramta ta ɗungurungum.