Gadon Mata a Ƙasar Kano: Hukuncin 1923 da na 1954

A shekarar 1923 Sarkin Kano Usman ya hana mata cin gadon gida da gona a ƙasarsa. Hukuncin ya zauna shekara 31, har zuwa 1954 da Sarki Muhammadu Sanusi ya soke shi. Abin tambaya shi ne, ta yaya aka yi haka a birnin da almajirai ke haddace babin gado na Risala, alƙalai kuma ke hukunci da Muhtasar na Halilu?

Tsarin mazhabar Malikiyya a kan dukiyar mamaci ba ɓoyayye ba ne. Da farko a fitar da kuɗin likkafani da jana'iza, sannan a biya bashi, sannan a zartar da wasiyya in ba ta wuce sulusi ba, kuma ba a yi wa magaji wasiyya. Abin da ya saura shi ake rabawa. A ɗauka mutum ya rasu ya bar gona eka 8, da mata ɗaya, da 'ya'ya maza 2 da mata 3. Matar za ta ɗauki tumuninta, watau eka 1. Kowane namiji eka 2. Kowace mace eka 1. Rabin gonar ke nan ya faɗa hannun mata. Wannan rabin shi ne abin da hukuncin 1923 ya taɓa, saboda haka ba ƙaramin abu aka hana su ba.

Sa hannun sarakuna cikin dukiyar mamaci tsohon ciwo ne a ƙasar Hausa. A cikin Kitabul Farƙi, Shehu Usman ɗan Fodiyo ya lissafa ƙwace dukiyar wanda ya mutu da sunan gado cikin zaluncin sarakunan Haɓe. Sai dai jihadin 1804 bai warware matsalar ƙasa ba gaba ɗaya. Tufafi da shanu da kuɗi dukiya ce, babu gardama. Gona fa? A wurin malaman Malikiyya, ƙasar da aka ci da yaƙi takan zama wakafi ga jama'ar Musulmi, shugaba ke riƙe da ita amana. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ta'alimur Radi a kan hanyoyin da mutum ke keɓanta da ƙasa, wanda ke nuna cewa tun a lokacin batun yana bukatar bayani. In dai manomi amfanin gona kawai ya mallaka, ba ita kanta ƙasar ba, to akwai ƙofar da za a ce gona ba ta shiga tarika.

Al'adar gandu ta ƙara buɗe wannan ƙofa. Uba da 'ya'yansa maza suna noma tare, suna ci daga rumbu ɗaya, suna biyan haraji tare. In uba ya rasu, sau da yawa ba a raba gonar. Babban wa ya ci gaba da riƙe gandu. 'Ya mace tana gidan miji, wataƙila a wani gari. Ana ganin haƙƙinta a kan 'yan'uwanta shi ne su karɓe ta in aure ya mutu, su ciyar da ita in ta tsufa. Kunya ma kan hana ta buɗe baki ta nemi rabonta. Wannan tsari yana tafiya daidai muddin 'yan'uwan sun cika alkawari. In sun ƙi, ba ta da abin kamawa.

Zuwan Turawa ya sauya darajar ƙasa. Dokar ƙasa ta 1910 ta sa dukkan ƙasar Arewa ƙarƙashin ikon Gwamna. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa daga 1912, malaman taki kuma suka shiga auna gonaki don yanka haraji. Gonar da a da ake barin ta ga duk mai ƙarfin nomawa ta zama abar rubutawa da sunan mutum, abar kai ƙara. A Kano shari'ar ƙasa ta majalisar Sarki ce, ba ta alƙali ba, kamar yadda ake gani a kundin shari'o'in Sarki Abbas na 1913 zuwa 1914 da Allan Christelow ya fassara ya buga a 1994. A nan ne amsar tambayar farko take. Sarki Usman bai bukaci ya ce ya sauya rabon da Alƙur'ani ya yanka ba. Ya isa ya ɗauki gida da gona a matsayin abin da ke ƙarƙashin siyasar sarki, ya cire su daga lissafin alƙali.

Hujjar da Sarkin ya kafa, kamar yadda Steven Pierce ya nuna a maƙalarsa ta 2003, ita ce matan da suka gaji gidaje suna komawa karuwanci. Ya kamata a lura da ma'anar kalmar a bakin Bahaushe: karuwa ita ce macen da ta isa aure, ba ta ƙarƙashin miji ko uba, tana zaman kanta. Ashe abin tsoron shi ne mace mai ɗakin da ba wanda zai kore ta daga ciki. Hujjar ba ta da ƙarfi a ma'aunin fiƙihu, domin abubuwan da ke hana gado sanannu ne, kamar kisan wanda za a gada, da bambancin addini, da bauta, kuma zaton abin da magaji zai yi da rabonsa ba ya cikinsu.

Abin mamaki, da Sarki Sanusi ya tashi mayar wa mata haƙƙinsu a 1954, shi ma halin zaman jama'a ya duba: tsofaffin mata da suka tagayyara, babu mai kula da su. Watau alkawarin da aka dogara da shi, cewa 'yan'uwa maza za su riƙe mata, shi ne ya karye. Duka sarakunan biyu sun ɗauki gadon mace a matsayin maganin wata cuta ta al'umma, ɗaya ya hana, ɗaya ya ba da.

An soke kotunan sarakuna a ƙarshen shekarun 1960, ikon da aka yi waɗannan hukunce-hukunce da shi ya tafi. Tsarin mulkin 1979, da na 1999 bayansa, sun sa ƙararrakin gado da wasiyya da kyauta da wakafi na Musulmi a hannun Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Dokar ƙasa ta 1978 kuwa ta danƙa ƙasar kowace jiha ga Gwamna, ta bar wa mutum haƙƙin zama da amfani, shi ne kuma magada ke rabawa. Inda aka bar gandu ba a raba ba har magadan farko suka rasu, sai alƙali ya koma lissafin munasaha, ya fitar da rabon kowace 'ya tun daga kakan, sannan ya bi shi zuwa ga 'ya'yanta, waɗanda galibi ba su taɓa taka gonar ba.