Allurar Rigakafin Mura Ga Ma'aikatan Lafiya: Abin Da Ya Kamata Mu Sani

Yawancinmu 'yan Potiskum mazauna Agege, Mile 12 da Sabon Ibadan muna da ɗan'uwa ko ƙanwa mai aikin jinya, unguwarzoma ko mai kula da tsofaffi, a gida ko nan Kudu. Saboda su na tattara wannan bayani.

Wace mura ake nufi?

Ba murar yoyon hanci ta kwana biyu ba. Ana nufin infuluwenza, mai zuwa farat ɗaya da zazzaɓi, ciwon jiki, ciwon kai da busasshen tari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 a shekara. Mun taɓa ɗanɗana ta: a 1918 ta shigo Legas ta jirgin ruwa, ta bi layin dogo har Arewa. Yau kuwa tireloli ke jigilar shanu daga kasuwar Potiskum zuwa Kudu duk mako, ka ga ƙwayar cuta ba ta rasa mota.

Me ya sa ma'aikacin lafiya?

Mutum kan fara yaɗa ta tun kwana guda kafin ya ji alama a jikinsa. To, nas ɗin da ke zagaya gadaje a babban asibitin Potiskum tana iya kai wa mai ciki, jariri, tsoho ko mai ciwon suga ba ta sani ba. Ita ta warke cikin mako, su kuwa abin ya zame musu ciwon huhu. Shi ya sa hukumar ta sa ma'aikatan lafiya cikin waɗanda ya kamata a fara yi wa allurar.

Yadda allurar take

Duk shekara ake yin ta, domin ƙwayar na sauya kama. A watan Fabrairu da Satumba masana ke zaɓar irin da za a haɗa. Takan ɗauki kamar mako 2 kafin ta fara aiki. Ba ta sa mura, sai dai ɗan ciwon hannu ko kasala. Ba ta karewa ɗari bisa ɗari, amma tana rage tsananin ciwon.

A ina ake samu?

Ba ta cikin rigakafin yau da kullum na kyauta da gwamnati ke yi. Galibi asibitoci masu zaman kansu a manyan birane irin Legas da Abuja ke da ita, da kuɗinka. Nan mu na Kudu muka fi na gida dama.

Shawarata: mai aikin asibiti ya tambayi likita ya yi ta kafin hunturu ya kankama. In zazzaɓi ya kama shi ya huta a gida, ya sa takunkumi, ya yawaita wanke hannu. Kada a sha maganin ƙwayoyin bakteriya barkatai, ba ya kashe mura.

Allah Ya ƙara mana lafiya.