Tilas A Kan Wa? Tarihin Jinyar Tsofaffi Da 'Yan Mazan Jiya A Karkarar Kano

A watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan wata doka wadda ta ce daga ranar nan shiga inshorar lafiya ya zama tilas a kan duk wanda yake zaune a Nijeriya. Kalmar nan “tilas” ita ta sa na ɗauki alƙalami. Mu mutanen arewacin Kano, watau ƙasashen Dambatta da Makoɗa da Kunci da Bici da Minjibir da maƙwabtansu, ba yau muka fara jin ta daga bakin hukuma ba. Abin da nake so mu duba a wannan maƙala shi ne: wa ya saba ɗaukar jinyar tsoho a wannan ƙasa, yaya aka yi kayan suka faɗi, kuma wannan sabuwar tilas ɗin a kan wa ya kamata ta fara sauka?

Sai mai karatu ya fara sanin ƙasar tukuna. Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Dambatta da damina zai ga ba daji ko kaɗan, gona ce ta haɗe da gona, iyaka kawai ke raba su, ga ɗorawa da gawo da tsamiya tsaitsaye a tsakiya. Wani masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya yi bincike a kewayen Kano cikin shekarun 1960, ya nuna cewa wannan yanki yana cikin wuraren da jama'a suka fi cunkoso a karkarar Afirka, kuma ba a hutar da gona, kowace shekara sai an noma ta. Taki ne ke riƙe da ita, har daga birni ake ɗauko shi a kan jakuna. To, a inda ƙasa ta yi ƙaranci haka, gona ita ce bankin mutum, ita ce fanshonsa, ita ce kuma kuɗin maganinsa.

Inshorar da kakanninmu suka sani ita ce gandu. Mai gida yana riƙe da gonar gandu da rumbu, 'ya'yansa maza, har masu aure, suna yi masa aiki da safe, da yamma kowa ya tafi gayaunarsa. Shi kuwa ya ciyar da su, ya biya musu haraji, ya yi musu auren fari. In ƙarfinsa ya ƙare, ya kasa riƙe garma, aikin bai tsaya ba, rumbun kuma bai fita daga hannunsa ba. In ciwo ya kama shi, daga rumbun nan za a ɗebi dami a sayar, ko a kai akuya kasuwa. In an duba da kyau, ai wannan shi ne ainihin abin da masu inshora ke faɗa: mai ƙarfi ya zuba yau, mai rauni ya ci, gobe in shi ma ya yi rauni a yi masa. Kuma tilas ce, domin yaron da ya fita daga gandu ba da yardar ubansa ba, ya san abin da gari zai ce. Bayan gandu akwai zakka, akwai gayya, akwai gudummawar dangi, akwai adashin mata.

Amma kada mu yi wa jiya kwalliyar da ba ta da ita. Wata Baturiya, Polly Hill, ta zauna a Ɗorayi kusa da birni a farkon shekarun 1970, bayan ta yi irin wannan bincike a Ɓatagarawa ta Katsina, kuma abin da ta gani shi ne gandu ya fi ƙarfi a gidan mai hali. Talakan da gonarsa ba ta ciyar da gida, 'ya'yansa ba su zama, ƙodago suke tafiya ko ci-rani, wani in ya tafi ya tafi ke nan. Watau wanda ya fi bukatar gandu shi ne ba shi da shi. Kowane rabon gado kuma ƙara yanyanka gonar yake yi. Ga fari na 1972 zuwa 1974, ga cutar da ta kashe gyaɗa a 1975, gyaɗar da ita ce kuɗin hannun manomin Kano tun zuwan jirgin ƙasa a 1912. Daga nan hanyar jinya ta zama guda: a sayar da dabba, a jinginar da gona, in ciwo ya yi tsawo a sayar da ita ɗungum. Ni kaina na san gidaje a ƙauyenmu da aikin ƙaba ɗaya ko ciwon ƙoda na wata shida ya raba su da gonar da suka gada tun kaka da kakanni.

Tilas ta farko da hukumar zamani ta kawo ita ce haraji. Kowace shekara mai unguwa ya ƙirga mazajen unguwarsa, ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, kuɗi su tafi Baitulmali. Ba wanda ya isa ya ɓuya. Daga cikin kuɗin nan En'e ta Kano ta gina asibitin birni cikin shekarun 1920, wanda yau ake kira Asibitin Murtala, ta kuma kafa ɗakunan shan magani a garuruwan hakimai, inda malamin asibiti zai wanke gyambo ya ba da magani kyauta ko a kan kuɗi kaɗan. Ba na yabon haraji, kowa ya ji labarin dukan da aka sha da ranar da aka shanya mutane a kansa. Abu ɗaya dai nake so a riƙe: takardar haraji ta san tsoho. In mutum ya tsufa ko ya naƙasa, akan cire sunansa a yafe masa. Ashe tun zamanin fam da sule hukuma tana da hanyar sanin wane ne ya gaza a kowace unguwa.

Da wannan hanya ta hakimi da dagaci aka nemi soja lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda iyayenmu ke kira yaƙin Hitila. Wasu sun tafi da son ransu, don albashi ko don gudun wata matsala ta gida, wasu kuwa an ce wa dagaci ne ya kawo mutum kaza, ya kawo. 'Yan Nijeriya sama da dubu 100 suka sa kaki. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma su ne aka tsallaka teku da su zuwa Indiya, suka gwabza da Japan a dazuzzukan Bama daga ƙarshen 1943 zuwa 1945, kuma Hausa ce harshen bariki a cikin bataliyoyin Nijeriya. Da aka gama, aka sallami yawancinsu da ɗan kuɗin sallama da lambar girma. Masu ilmi ko sana'a suka sami aikin direba ko masinja ko ɗan doka. Saura suka koma gandu, wani da zazzaɓin da ba ya jin magani, wani da harsashi a cinya, wani da taɓin hankalin da gari ya ce iska ce ya kwaso a Bama. Ƙungiyar tsofaffin sojoji da aka kafa da doka a 1964, wadda muke kira 'yan mazan jiya, ta yi abin da za ta iya, amma abin da aka fi sanin mutanenta da shi shi ne gadin ofisoshi da fareti.

Sai yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Sojan da bai fi dubu 10 ba kafin yaƙi ya kumbura ya kai wajen dubu 250, da yawa kuwa samarin ƙauye ne da aka horar cikin 'yan makonni. Daga tsakiyar shekarun 1970 aka yi ta rage su. Wanda ya shiga yana da shekara 20 a 1967, yau yana dab da 80. Ana tuna su ranar 15 ga Janairu, a ajiye furanni, a saki tantabaru. Gaskiya ne akwai kamfanin kula da lafiyar soja na Ma'aikatar Tsaro, wanda daga baya aka shigar da masu ritaya cikinsa. Sai dai wannan hanya ce ta wanda sunansa ke cikin rajista kuma takardunsa suna hannu. Tsohon kurtun da aka sallama da wuri, gara ta cinye takardar sallamarsa a cikin adaka, shi da maƙwabcinsa manomi duk ɗaya ne a bakin tagar yankan kati.

Maganar inshorar gwamnati kuwa ta daɗe tana yawo. Tun 1962 Ministan Lafiya, Dokta Moses Majekodunmi, ya kai wa majalisa shirin da zai fara da Ikko, bai sami shiga ba. Zamanin kuɗin man fetur ba wanda ya damu, tunda ana ba da magani kyauta a asibitin gwamnati. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano, talakawa suka yi murna, kuma sun cancanci yin ta. Amma tare da harajin aka bar ƙirgar nan ta shekara-shekara, ba a kuwa kawo wata a madadinta ba. Kafin a jima kuɗin mai suka ja baya. A jawabin juyin mulkin 31 ga Disamba 1983, Birgediya Sani Abacha ya kafa hujja da cewa asibitoci sun zama wurin ganin likita kawai, ba magani. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya ƙarasa abin da ya rage, aka koma kowa ya sayi maganinsa, har safar hannu da zaren ɗinki.

A 1999 gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta kafa hukumar NHIS da doka, amma sai 2005, zamanin Obasanjo, ta fara aiki. A nan nake so ɗalibai su lura da asalin abin. Inshorar tilas a Jamus aka fara ta, a 1883, zamanin Bismarck, don ma'aikatan masana'antu. Ƙashin bayanta albashi ne: a yanki kaso daga na ma'aikaci, mai aiki ya ƙara nasa, tun kuɗin ba su shiga aljihu ba. Haka muka kwafo ta. A takarda, mai aiki zai ba da kashi 10 cikin 100 na tushen albashi, ma'aikaci kashi 5, a kula da shi da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. (Wanda ya tsara wannan lissafi, da gani bai taɓa shiga gidan Bahaushe ba.) Abin takaici kuma, ranar da ma'aikaci ya cika shekara 60, ko shekara 35 yana aiki, albashi ya tsaya, kati ma ya tsaya. Malamin firamare ko ma'aikacin gona ya yi ƙuruciyarsa yana da kati, sai lokacin da hawan jini da ciwon suga da yanar ido da ɗaurewar fitsari suka yi sallama, sannan a ce ya fita. An ba shi lema da rani, an karɓe da damina. Manomi kuwa, wanda shi ne babban ma'aikacin ƙasar nan kuma ba ya ritaya sai ƙafa ta ƙi, ba a ma sa shi a lissafi ba. Shi ya sa shirin ya shekara fiye da 15 bai wuce 'yan kaso kaɗan na jama'a ba, kuma sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya a Nijeriya daga aljihun majiyyaci suke fita.

Jihar Kano ta yi tata dokar a 2016, zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, aka kafa hukumar KSCHMA. An guji kalmar inshora saboda shakkar da malamai ke da ita a kanta, aka kira abin taimakekeniya. A ganina sunan ya dace, domin ya fi kusa da gandu da gayya. Amma nan ma da masu albashi aka fara, don su ne ake iya yanka.

Dokar 2022 ta yi ƙoƙarin toshe wannan ɓaraka. Ta mai da hukumar ta zama NHIA, ta kuma tanadi asusun masu rauni, ta ambaci tsofaffi da naƙasassu da masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara 5 da matalauta, watau waɗanda gwamnati za ta biya wa. Ɗaya daga cikin hanyoyin cika asusun shi ne kuɗin da Dokar Lafiya ta 2014 ta ware, aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya, wanda sai a kasafin 2018 aka fara sa shi. Kashi ɗaya! Shugaba Buhari da kansa ya ce mutum miliyan 83 ake nufi. Gana, wadda ta kafa nata shirin a 2003, ta bi wata hanya: ta ɗora ƙarin haraji a kan kayan saye da sayarwa don asusun lafiya, ta kuma yafe wa duk wanda ya kai shekara 70 biyan kuɗin shekara. Shirin nasu yana da nasa ciwon, asibitoci sun sha kukan jinkirin biya, amma tsoho ba ya bukatar nuna takardar albashi, shekarunsa sun isa.

Ra'ayina shi ne, ba yadda za a tilasta wa tsohon manomi a Kunci ko tsohon soja a Makoɗa ya biya abin da ba shi da shi. Ba albashin da za a yanka, ɗaure shi kuwa abin kunya ne. Saboda haka in dokar nan za ta yi ma'ana a karkara, tilas ɗin a kan hukuma take: ta zuba kuɗin, ta nemo mutumin, ta kuma tabbata in ya zo da katinsa akwai magani a kanta. Neman mutumin shi ne mafi sauƙi. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, kuma tsarin asusun 2014 shi ne a sami asibitin sha-ka-tafi guda mai aiki a kowace mazaɓa. Masu unguwanni da dagatai suna nan inda suke. Mai unguwar da kakansa ya ƙirga mazaje don haraji, ya fitar da samari don Bama, yau in aka tambaye shi zai lissafa tsofaffin unguwarsa da ka, ya faɗi wanda ke da ɗa a Legas yana aiko masa, da wanda ya jinginar da gonarsa bara, da wanda ya yi wata uku bai fito masallaci ba.